Tsakanin Yola da Garwa: Nasiha ga Masu Tasowa

'Ya'yana da ƙannena, ku da kuke tasowa a Yola da Mubi da Kano, da ku da kuke tasowa a Garwa da Marwa da Ngaundere, da ku nake magana.

A watan Janairu na 2022, da Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka, Garwa aka sauke 'yan wasan Najeriya. A filin Rumde Ajiya suka ci Masar ɗaya da nema, suka ci Sudan, suka ci Gini Bisau, kafin Tunisiya ta fitar da su a wannan filin dai. Da yawa daga cikinku sun bi wasannin ta waya, suna ta mamakin yadda mutanen garin suka cika fili suna mara wa Najeriya baya, da yadda baƙo zai shiga kasuwa ya yi cinikinsa da Hausa ya fito ba tare da ya nemi tafinta ba. Wannan mamakin naku ne ya hana ni sakat. Tsakanin Yola da Garwa, in an miƙe, kimanin kilomita 100 ne, kuma ruwa ɗaya suke sha, na Binuwai. In har saurayin Yola yana mamakin jin Hausa a Garwa, to akwai abin da mu manya muka bari ya suɓuce, ba mu miƙa muku ba.

Makaranta ma ta taimaka wajen suɓucewar. An yi shekaru ba a koyar da tarihi a ƙananan makarantun Najeriya, kuma ko da aka dawo da shi, labarin yakan tsaya cak a inda taswira ta ja layi. Yaron Garwa kuma yana karanta nasa da Faransanci, ana fara masa daga gaɓar teku a Duwala ana haurowa. Kowa ya riƙe rabi, yana zaton duka ke nan.

Ga yadda abin ya faro. Modibbo Adama malami ne Bafillace da ya yi karatu a Barno. A 1809 ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, aka ɗora masa jagorancin ƙasashen kudu da ake kira Fombina. Ya zauna a Gurin, ya yi ƙaura fiye da sau ɗaya, sai a 1841 ya kafa Yola, ya rasu a 1847. Ƙasar da ta ɗauki sunansa, Adamawa, mafi yawanta yau a cikin Kamaru take. Garwa, wadda Modibbo Hamman Njundi ya kafa a ƙasar da Batawa da Fali suke zaune tun da, tana ƙarƙashin Yola. Haka Marwa, haka Ngaundere ta Arɗo Njobdi, da Tibati ta Hamman Sambo, da Banyo, da Rai ta Buba Njidda, ko da yake wasu daga cikin waɗannan sarakunan sun sha yi wa Yola taurin kai. Daga garuruwan nan gaisuwa take tafiya Yola, daga Yola ta wuce Sakkwato. Saboda haka duk wanda ya ce zai ba ku tarihin Daular Usmaniyya amma bai ƙetare zuwa Garwa da Ngaundere ba, ya yanke muku babban yanki.

Sarakuna da yaƙe-yaƙensu za ku same su a littafi. Ni abin da na fi so ku riƙe shi ne mutanen da suka bi bayan tuta da jaki da takarkari, domin yawancinku jikokinsu ne. Fatake daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauci, da Barebari daga Kukawa, su ne suka mayar da hanyar yaƙi ta zama hanyar abinci. Sukan ɗauko turkuɗi da baƙaƙen riguna masu sheƙi daga marinar ƙasar Kano, da kanwa, da duwatsun ado, da jan ƙarfe, su gangaro kudu. Abin da suke nema shi ne hauren giwa, daga baya kuma goro da danƙo. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ƙetare Binuwai a watan Yuni na 1851 kan hanyarsa ta zuwa Yola, ya tarar a Adamawa ba wuri ne kuɗin kasuwa ba, sawayen farin saƙi ne ake aunawa a yi ciniki da su. Wato masaƙi da yake zaune gindin bishiya yana jefa ƙoshiya, kuɗi yake saƙawa.

Ku kwatanta ayari ya iso bakin kogi da la'asar. Jagaba ya riga ya wuce gaba tun hantsi ya duba mashigi, ya yi magana da masu jirgin fito. Madugu yana kan dokinsa, shi zai je gaban sarkin gari da gaisuwa, a daidaita kuɗin fito da na hanya, domin in bakinsa bai iya magana ba ayari duka ne zai yi asara. Ana sauke mangaloli, jakuna suna birgima a rairayi, bayansu duk gyambon kaya. Matan ayari, waɗanda su ma da ƙafa suka tako tun daga Kano da kaya a ka, sun haɗa murhu sun ɗora tukunya tun maza ba su gama ɗaure dabbobi ba. Malamin ayari ya shimfiɗa buzunsa, shi ne mai duba ranar tashi, shi ne mai rubuta bashi da wasiƙa. In an shiga gari, kowane falke yana da mai masaukinsa, wanda zai ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in rigima ta tashi. Duk wannan ciniki ba banki, ba takardar kotu. Mutum yakan bar dukiyarsa a hannun mai masauki shekara guda ya dawo ya same ta yadda ya bari, saboda in mai masaukin ya ci amana sau ɗaya, labari zai riga shi isa kowane zango daga nan har Kano, kuma ba mai sake sauka gidansa.

Ina so ku san sunan mutum ɗaya daga cikinsu, Madugu Muhammadu Mai Gashin Baki, mutumin Kano, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai da kawowa a hanyoyin Adamawa. Shi ne ya ja wani Bajamushe mai suna Robert Flegel har Ngaundere a 1882. A 1884 Flegel ya tafi da shi da abokinsa Madugu Ɗan Tambari zuwa Jamus, suka ga Balin da idonsu, kuma Flegel ya rubuta labarin rayuwar Mai Gashin Baki daga bakinsa. A littattafan Turawa, Flegel ne ake cewa ya gano mafarin Binuwai. Amma hanyar da ya bi, jakunan Hausawa sun daɗe da gyara ta da kofato, kuma wanda ya san inda ruwa yake da inda 'yan fashi suke da sarkin da ake shiga wa da hannu biyu, shi ne madugun. Dubban irinsa sun shuɗe ba wanda ya rubuta ko sunansu.

Ba duka suka koma gida ba. Wani ya yi aure, wani bashi ya riƙe shi, wani ya ga kasuwa ta karɓe shi ya kafa rumfa. Daga nan aka sami unguwanni irin Hausare da Kolere a Garwa, ta Hausawa da ta Barebari, kusa da Fulɓere ta masu gari. Mahauta, maɗinka, marina, dukawa, wanzamai, masu sayar da goro, malaman allo, kowa da sana'ar da ya taho da ita. Haka suka yi ta gangarawa har Fumban, har Abakwa a Bamenda, har unguwar Birkitiri a Yawunde, inda har gobe in dare ya yi hayaƙin tsire ne yake tashi. Ɗan Najeriyar da ya je Garwa yau ya ji tsoho yana cewa kakansa Bakano ne ko Bazazzagi, kada ya ɗauka daɗin baki ne na mai son a saya.

Akwai kuma abin da ba na so ku tsallake, ko da yake ya fi sauƙi a yi shiru a kansa. Cikin kayan da ayarin nan suke komawa da shi arewa akwai mutane. Adamawa ta kasance babbar mafitar bayi a ƙarni na 19, ana kai hari kan ƙabilun duwatsu da na dazuzzukan kudu, ana kai wasu Yola da Sakkwato a matsayin gaisuwa, ana sayar da wasu a kasuwa. Hamman Yaji, sarkin Madagali, ya bar littafin da ake rubuta masa al'amuransa na yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, kuma a ciki akwai hare-haren da ya tura kan mutanen duwatsun Mandara, har da Sukur, da lissafin mata da yaran da aka kamo, an rubuta su kamar yadda ake rubuta shanu. An cire shi daga sarauta a 1927. Abokinka na makaranta, Bafali ko Bamafe ko ɗan Margi, yana iya kasancewa kakarsa ta ba shi wannan labarin daga ɓangaren waɗanda suka gudu kan dutse. In ya faɗa maka, kada ka ce ƙarya ne, kada kuma ka yi fushi kamar ya zagi addininka. Shehu da Muhammadu Bello sun rubuta sharuɗɗa kan wanda ya halatta a yaƙa da wanda bai halatta ba, kuma da yawa daga cikin masu kai harin nan son dukiya ne ya kai su. Saurara masa har ya gama. Ba kai ka aikata ba, amma kai ne za ka zauna da shi a gari ɗaya, kuma zaman ba zai yi daɗi ba in kowa yana ɓoye abin da ya sani.

Ta fuskar malamai ma hanyar a buɗe take. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya bar Sakkwato ya zo ya kafa zama a Balda kusa da Marwa, ya yi mubaya'a ga Mahadin Sudan, ya karya rundunar Lamiɗo Zubairu, sarkin Yola, a 1893, daga baya ya haɗa kai da mayaƙin nan Rabe, aka kashe shi a 1898. Ɗansa Shehu Sa'idu kuwa Turawan Ingila suka kama shi a 1923, suka kai shi zaman dole a Buya, can kudancin Kamaru, kafin a mayar da shi Kano. Gida ɗaya ke nan, amma sai ka bi ƙasashe uku kafin ka haɗa labarinsa.

Yankan ƙasar ya zo ne daga nesa. A 1893 Ingila da Jamus suka zauna a Turai suka raba ƙasar a takarda, suka zagaye Yola da layi suka bar wa Ingila ita, sauran kuwa, har da Garwa, suka ce na Jamus ne. Lamiɗo Zubairu bai yarda ba. A watan Satumba na 1901 sojan Ingila suka hauro ta kogi suka ci Yola, ya fita da jama'arsa ya nufi gabas, wurin talakawansa. A Garwa ya gwabza da Jamusawa a watan Nuwamba, a Marwa kuma a watan Janairu na 1902 bindiga mai ruwan harsashi ta karya mahayansa, aka kashe shi a 1903 yana gudun hijira. Ku lura da wannan: sarkin Yola, wanda ake lissafa shi cikin mazan jiyan Najeriya, manyan yaƙoƙinsa biyu na ƙarshe a ƙasar Kamaru ta yau ya yi su. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, sojan Najeriya suka kai wa Garwa hari a watan Agusta na 1914 aka kore su da asara, suka dawo tare da Faransawa, Jamusawa suka miƙa wuya ranar 10 ga Yuni 1915, na kan dutsen Mora kuwa suka riƙe har Fabrairun 1916. A ɓangarorin biyu, masu riƙe da bindigar yawancinsu baƙaƙen fata ne, kuma akwai masu jin Hausa a kowane sahu.

Bayan yaƙi aka sake yanka. Faransa ta ɗauki kaso mafi girma, Ingila ta riƙe wani siririn yanki da ya haɗa Dikwa da Gwoza da Mubi da Ganye da tsaunin Mambila. A watan Fabrairu na 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka yi ƙuri'ar raba gardama a wannan yankin: mutum 146,296 suka zaɓi Najeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya shiga Najeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Shugaban Kamaru na lokacin, Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa a 1924, wanda ya fara aiki a matsayin ma'aikacin wayar iska a gidan waya, ya ayyana ranar a matsayin ranar makoki a Kamaru. Mata sun jefa ƙuri'a a wannan zaɓen, tun kafin matan sauran Arewacin Najeriya su sami wannan damar. Ke 'yata ta Mubi ko Ganye, mai yiwuwa kakarki ko uwar kakarki ta tsaya a layin nan. Kin taɓa tambaya a gidanku wane akwati aka jefa wa, kuma don me? Da ƙuri'ar ta juya, da yanzu Faransanci kike karatu da shi.

Duk da layin, kogi ya ci gaba da aikinsa na wani lokaci. Tsofaffin Garwa suna tuna damina da jiragen ruwa. Daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Oktoba, in Binuwai ta cika, jiragen kamfanoni sukan taso tun daga Burutu a bakin teku, su bi ta Lakwaja da Makurɗi da Ibi da Numan da Yola, su ƙare a tashar Garwa. Suna sauke gishiri da siminti da man fetur, suna ɗaukar gyaɗa da auduga, har da wadda aka kawo daga Cadi. Wata biyu zuwa uku ne kacal, don haka dare da rana ake aiki. Lebura yana gudu kan katako da buhu a wuya, mai tuwo ta kafa tukunya a bakin gaɓa, matuƙan da suka san inda yashi ya taru a bana suna tsaye gaban jirgi ana gwada zurfi da gora, kowa yana kallon ruwa kada ya janye ya bar jirgi a kan tudu sai baɗi. Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da wannan zirga-zirga, jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974 kaya suka koma hanyar Duwala, aka gama madatsar Lagdo a 1982. Yau yawancin matasan Najeriya ba sa jin sunan wannan yanki sai in an ce za a saki ruwan Lagdo, kamar a 2012 da 2022 da ambaliya ta cinye gonaki da gidaje. Abin yana yi mini ciwo, a ce kogin da ya ciyar da kakanninmu tare ya zama ba a ambatonsa sai da zargi, alhali madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a ɓangaren Najeriya don tare ruwan har yanzu ba a gina ta ba.

To me nake roƙonku? Ku fara daga gida, kuma ku fara yau, domin masu labarin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wayar da take hannunku tana ɗaukar murya. Ku sayi goro ku je wurin tsohuwar gidanku bayan sallar isha, ku zauna ƙasa, kada ku ce mata "ba mu tarihi", za ta ce ba ta san komai ba. Ku tambaye ta wa ya yi mata kitson aure, da me aka biya sadakinta, daga wane gari aka kawo uwarta, me ake ci in an yi fari, wace waƙa ake yi a daka, wane gidan rediyo mijinta yake kamawa in ana gaishe-gaishen zaɓi sonka, na Kaduna ko na Garwa. Daga nan sunayen garuruwa za su fara fitowa, ku rubuta su yadda ta faɗa. In ta ambaci ɗan'uwa da ya tafi Tibati bai dawo ba, ku rubuta sunansa da sana'arsa. In akwai tsohuwar adaka ko gafaka a ɗakin kaka mai takardun ajami, wasiƙa ce ko lissafin bashi ko rabon gado, kada ku bari a share ɗaki a ƙone su. Ku ɗauki hoton kowace, gaba da baya, ku nemi malamin da zai karanta muku, ku nisanta su da laima da gara.

Sai harshe. Ɗan Najeriya ya koyi Faransanci, ɗan Kamaru ya koyi Ingilishi, dukanku ku riƙe Fulatanci da karatun ajami, domin labarin nan a cikin harsuna huɗu ko biyar yake warwatse, har da Jamusanci ga mai himma. Ba abin da ya fi ƙarfinku ba ne. Eldridge Mohammadou, haifaffen Garwa a 1934, ya yi shekaru yana bin fadojin Garwa da Marwa da Rai da Tibati da na'urar ɗaukar magana, yana zama gaban tsofaffi yana rubuta abin da suka faɗa da Fulatanci yana fassarawa, kuma a Jami'ar Maiduguri ya ƙare aikinsa, a can ya rasu a 2004. Martin Njeuma ɗan Kamaru ne, ya rubuta tarihin Yola. Sa'ad Abubakar ɗan Najeriya ne, littafinsa kan sarakunan Fombina ya fito a 1977. Sun yi nasu, kuma mafi yawan abin da suka tattara na fada ne. Labarin mahauta da masunta da matan zango da leburorin tasha yana nan a bakin tsofaffin unguwa, ku ne kuke da kunnen da zai ji shi.

Kuma ku taka da ƙafarku, tunda zumunta a ƙafa take. Ku yi takardunku cikakku, ku bi ta ƙofar da hukuma ta sani, ku girmama dokar ƙasar da kuka shiga, kada ku yi wa jami'i gardamar cewa ai da can ƙasa ɗaya ce. Ɗan Yola ya je Garwa ya ga fadar Lamiɗo da tsohuwar tasha, ya kwana ya ci kasuwar Pitowa ranar Lahadi. Ɗan Garwa ya je Gurin ya ga inda Modibbo Adama ya fara zama, ya shiga gidan tarihin fadar Yola, in ya sami hali ya wuce Gidan Arewa a Kaduna. In kun bi ta wajen Mokolo, ku tuna akwai dubban 'yan Najeriya a sansanin Minawawo tun 2013, waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Gwoza da Banki da kewayensu, kuma yaran da aka haifa a can ba su taɓa ganin garin iyayensu ba. Su ma tsofaffinsu suna da abin faɗa, kuma in kun ɗauki muryarsu ku tabbata kun bar wa jikokinsu kwafi kafin ku tafi.